Hoton Baba Mai Gyaran Agogo

Duk gidan ba mai kiransa sai da Ƙwararre, kuma shi ya jawo wa kansa, don tun da ya sayi kyamarar nan mai dogon hanci ba ya buɗe baki sai ya ce, "Mu ƙwararru." Jakar kayansa kuwa, in ya saɓa ta, sai ka ɗauka ƙaura zai yi.

Mahaifinsu mai gyaran agogo ne, shekara arba'in da ɗaya a shago guda, kuma bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba in ba na katin shaida ba. Yanzu idanu sun gaza, likita ya ce ya ajiye aiki, ranar Asabar za a mayar wa mai shago makullinsa. Da ƙyar Mama ta lallashe shi ya yarda da zama ɗaya tak, don ta sami abin ratayawa a falo. Ƙwararre ya bugi ƙirji ya ce a bar masa. A ransa kuwa so yake, ko sau ɗaya, Baba ya yarda cewa tasa ma sana'a ce.

Da hantsi ya iso shagon da fitilu uku da lemar tattara haske biyu da farin ƙyalle. Da farko ya rufe tagar da Baba yake aiki a gindinta, wai hasken rana ba ya jin magana. Ya kwashe gwangwanayen ƙusoshi daga kan tebur, ya sauke agogunan bango, wai suna dagula hoto.

"Baba, a cire tabarau, yana mayar da haske. Rigar aikin nan ma a cire, duk maiƙo ce."

"Sai kuma me?" in ji Baba. "Kan nawa dai bai tare maka komai ba ko?"

Ana haka Auta, ƙanwar Ƙwararre, malamar makaranta, ta shigo da kwalayen kwashe kaya, da wayarta a hannu, wadda fuskarta ta tsage har an ɗaure ta da roba.

"Auta, matsa, kina tare fitila. Kuma ki jefa wannan abar a jaka, kada ta ba mu kunya."

"To, Yaya. Allah ya huci zuciyar ƙwararru."

Awa biyu Baba na zaune a sandare, hannaye bisa gwiwa, kamar mai jiran hukunci. Can Ƙwararre ya hango ƙura a kan gilashin kyamara. Wannan fa babban bala'i ne. Ya juya baya yana hurawa, yana gogewa, yana tsaki. Baba ya sami sarari, ya lallaɓa ya mayar da tabarau, ya tura taga, ya ɗauko wani agogon aljihu da mai shi bai taɓa dawowa karɓa ba. Ya kara shi a kunne, ya lumshe ido. Auta ta ɗaga wayarta.

Bayan kwana uku Ƙwararre ya shigo falo da hoto kusan rabin ƙofa, cikin firam mai ruwan zinariya.

"Mama, duba. Gashin girarsa ma ana iya ƙirgawa."

"Masha Allah, ya fito tas," in ji Mama. "Wane ne?"

"Haba Mama!"

"Ni dai tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin mutumin nan zaune hannu biyu ba aiki ba. Ka adana shi, ko asibiti za su nemi na kati."

Sai Auta ta miƙa mata nata, ɗan ƙarami, wanda aka wanke a shagon bakin titi. Mama ta riƙe shi, sannan ta goge ido da gefen mayafi ta ce a ba ta ƙusa.

Ƙwararre ya karɓa don ya lissafa kurakurai, kuma akwai su jingim. Hoton ya karkace, rabinsa duhu, teburin ma bai fito duka ba. Amma ga Baba a gindin tagarsa, kai a langaɓe, yana sauraron agogo yadda suka tashi suna ganinsa. A can gefe kuma ga wani ƙato ya ba mahaifinsa baya, ya duƙufa yana lallashin kyamara. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ga shi shagon an riga an mayar da makullinsa.

Baba, da ba ya iya tantance ko ɗaya cikin hotunan, ya juyo daga kujerarsa.

"An ce har da kai a ciki. Madalla, ga ni ga ɗana. Ka dai fito da kyau ko?"

Ƙwararre ya sake duban hoton.

"E, Baba," ya ce. "Ƙeyata ta fito sarai."