Tsumma a Bututun Turbo

“Ƙara taka mata!” in ji Injiniya, bakaniken garejin, daga ƙarƙashin tirela.

Direba ya taka totur har ƙasa. Motar ta yi gurnani, ta tofar da baƙin hayaki, amma fiton nan da turbo ke yi idan ya cika inji da iska, shiru kake ji. Tun da aka yi mata sabis take haka. In ta ga tudu sai ta koma ja da ciki, har masu keke na wuce shi suna yi masa sannu da aiki.

Mai motar na tsaye a inuwa, ya toshe hanci da hankici. Yayan matar Direba ne, kuma da safe ya riga ya yanke hukunci: in laifin ƙarfe ne a gyara, in na mutum ne a ajiye makulli.

“Ni na san ƙafarsa ce ta tsufa,” ya ce. “Mutumin da a gida ma sai an tura shi yake tashi.”

Mutanen garejin suka yi dariya, Direba ya taya su. Ya daɗe da gane cewa barkwancin mai mota ba ya taɓa zama marar daɗi.

Injiniya ya ciro filtar iska, ya ga sabuwa ce fil. Ya bi tiyo da ruwan sabulu, babu inda ya yi kumfa. Ya juya farfelar turbo da yatsa, ta juya sumul, ba ta girgiɗi. Duk abin da ya fita lafiya, sai Direba ya ji kujerarsa ta ƙara nisa da shi. Bai taɓa yi wa ƙarfe fatan ciwo ba sai yau.

Daga ƙarshe Injiniya ya kwance bututun da ke kai iska daga turbo zuwa ma'ajiyar sanyaya ta, ya zura hannu har gwiwa. Ya tsaya cak. Sannan a hankali ya zaro wani tsumma, ya dunƙule, ya yi baƙi ƙirin.

Direba ya gane shi nan take. Ranar sabis, Injiniya ya nemi abin da zai toshe bakin bututun kada ƙasa ta shiga, shi kuma ya ɗauko masa daga bayan kujera. Injiniyan da ya toshe shi ne ya manta da shi a ciki, ya ɗaure bututun a kai. Ya dubi Injiniya. Injiniya ya dubi sifanarsa.

“Ikon Allah,” ya ce. “Direbobin yanzu, Yallaɓai, kowa ɗan taɓa ne. Da an ba su baya sai su buɗe inji.”

Mai mota ya ɗaga tsumman da yatsa biyu, ya girgiza. Aljihu ya bayyana, da ratsin shuɗi, da maɓalli ɗaya.

“Wannan ba rigata ba ce? Wadda na ba ka bara?”

“Yaya, ai ta yi mini kaɗan ne, ga shi hammatar ta...”

“Ta yi maka kaɗan! Ni na sa ta wajen manyan mutane, kai ka ga ta dace da goge baƙin mai. Ashe haka kuke yi da alherina a gidanku.”

“Yaya, maganar bututun nan...”

“Wa ke ta bututu? Kawo makulli. Ƙanwata kuwa ni zan gaya mata da bakina, kada ka gyara zancen a hanya.”

Injiniya ya mayar da bututu, ya ɗaure tamau, ya hau ya tayar. Turbo ya yi fito siriri mai daɗi, irin wanda Direba ke ji har cikin barci. Mai mota ya jefar da rigar a ƙafar Direba, ya koma gefe yana kiran wani a waya, yana tambaya ko yana da lasisin babbar mota.

Direba ya sunkuya ya ɗauka. Yana tunanin ko omo zai fitar da baƙin, sai ga Injiniya ya sauko, hannu duk maiƙo, yana waige-waige.

“Baba, in ka gama da ita miƙo mini.”

Ya miƙa masa.