Malam-rufe-littafi

Kwana goma sha biyu da rasuwar Yaya, abokin aikinsa ya kira ni ofis ɗinsu. Ɗaki ɗaya ne, da kwamfuta biyu da fanka mai ƙara. Abokin, Dogo ake ce masa. Shekara uku suna haɗa wasan kwamfuta shi da Yaya, saura gyaran rubutu kawai, ni kuma aikina ke nan, gyaran rubutun mutane.

"Ƙanwata, ki duba mana kafin jibi," in ji shi. "Jibi za mu sake shi."

Na zauna a kujerar Yaya. Tun ranar jana'iza ban yi kuka ba, har ƙannen mahaifiyarmu sun fara kallona a kaikaice. Na zo ne da fatan wasan nan zai taɓa ni.

Wasa ne marar faɗa, ba ci ba faɗuwa. Yaro da ƙanwarsa sun je dogon hutu gidan kaka. Ka kama fara, ka jefa ƙugiya a rafi, ka kwanta a inuwa har a kira ka cin abinci. Yaya da ko ƙwai bai iya soyawa ba, ya zauna ya zana hayaƙin murhu dalla-dalla. Na gane gidan, na gane har bokitin da ya fashe. Ban ji komai ba. Na dai ci gaba da kamo kurakurai, ƙugiyar harafin ƙ da ta ɓace, waƙafi a inda bai dace ba.

A gefen rafi yarinyar ta nuna wani ƙwaro mai fiffike, ta ce, "Yaya, ga malam-rufe-littafi!"

Na rubuta a takarda: buɗe, ba rufe ba.

Dogo ya leƙo ta kafaɗata.

"Wannan kam sau uku ina gyarawa, sau uku yana mayarwa," ya ce. "Wai haka kike faɗa kina ƙarama, ana ta yi miki dariya. Ya ce kina gani za ki gane."

Na sake karantawa. Na lalubi raina har ƙasa, na jira. Ba rafin, ba dariyar, ba bakina yana faɗar haka. Ko alama.

"Kin tuna?"

"A'a."

Fanka na ta ƙara. Ya miƙa hannu zai karɓi takardar, na riƙe.

"Bar shi yadda ya rubuta," na ce. "Shi ne ya sani."