Jan Katako a Gefen Na Baba

A gidanmu ba a kafa katakon zamiya biyu, waɗanda ake ɗaurawa a ƙafa a zame a kan ƙanƙara, wuri ɗaya. Idan an tsaya cin abinci a saman dutse, sai ka ba wanda kuke tare wari ɗaya naka, ya ba ka wari ɗaya nasa, kowa ya kai gaurayen can wani gefe ya soke a ƙanƙara, don ɓarawo ba ya ɗaukar abin da bai dace da juna ba. Shekara arba'in Baba da Mama suna yin haka, nasa baƙi nata shuɗi, har ta rasu bara waccan. Shi ya sa ranar Laraba, da na ga baƙin katakon Baba a gaban gidan abincin da ke can ƙololuwa, jingine da wani ja wanda ban taɓa gani ba, na ja na tsaya har wani yaro ya kusa bangaje ni.

Ni na haɗa tafiyar nan. Baba zai cika saba'in da biyar, kuma tun rasuwar Mama yake zame mana. Ya daina tuƙo mota ya zo mana birnin Zurik. In na tura masa hoton jikokinsa, sai bayan kwana biyu ya kira ya ce sun girma, ya ajiye waya. Na ce to, bari in kwashe kowa, da mijina da yara da ƙanena Curdin, mu yi mako guda a duwatsun Engadin, a irin otal ɗin da Mama ta yi ta leƙe daga waje ba ta taɓa kwana ba. Wurin da ake ɗumama maka takalmi kafin ka farka, a durƙusa a ɗaure maka shi kamar ba ka da hannu, ga tafkin wanka a waje yana tururi a tsakiyar ƙanƙara. Abin da nake so ɗaya ne, in dawo da ubana cikinmu.

Sai ga shi kullum kafin mu gama karin kumallo ya fice. Ba ma ganinsa sai lokacin shayin la'asar. Mutumin da ya koya mana zamiya tun muna shekara uku, yana riƙe da mu tsakanin gwiwoyinsa, yanzu ko gangara ɗaya ya ƙi yi da mu.

Na durƙusa na duba jan katakon nan kamar mai shirin saye. Gajere ne, na mace. Ya sha aiki, duk ya karce, amma gefensa a wase yake tas. Wannan ba matar da ta zo ɗaukar hoto ba ce. Na leƙa ta taga, mutane sun cika maƙil kuma gilashin ya yi gumi, ban ga komai ba. Yara suna jirana a ƙasa, dole na sauka.

Da na gaya wa Curdin, dariya ya yi har ruwan zafin tafki ya shiga masa hanci.

"Tsohon ya yi budurwa, Ladina. Ke me ya dame ki? Ko sai kin sa hannu a takarda?"

Na ce masa ba kishi nake ba, sani kawai nake so in yi. Ya ce tun muna yara haka nake faɗa kafin in buɗe wasiƙar mutane. Na watsa masa ruwa na fita. Gaskiya raina ya ɓaci. Ban ƙi Baba ya samu mai ɗebe masa kewa ba, amma ya ba wata warin katakonsa, mu kuma ya bar mu muna cin cuku muna kallon kujerarsa, wannan ya tsaya mini a wuya.

Washegari na bi ta ɗakin ajiye takalma na tambayi dattijon da ke kula da wurin ko ya san da wa mahaifina yake fita. Ya yi murmushi ya ce takalmana sun yi ɗumi daidai. A irin wannan otal rabin aikinsu rashin gani ne. Da la'asar na tari Baba kai tsaye wajen shayi, na ce da wa yake zamiya ne kwanan nan.

"Da ƙafafuna," in ji shi, yana laluben cokali a gefen kofi. Sai ya shiga labarin kyan ƙanƙarar bana.

Ranar Juma'a ita ce ta ƙarshe. Na bar yara da babansu, na hau lilon da ke kai mutane sama tun ƙarfe sha ɗaya. Na samu katakon a inda suke shekaranjiya, baƙi da ja. Na zagaya ɗaya gefen na samu 'yan'uwansu, ja da baƙi. Na tsaya kusa da su na ce yau ko yatsuna za su guntule sai na ga matar nan. Na fi rabin sa'a ina buga ƙafa a ƙasa, ina ƙera ta a raina. Na ba ta rinannen gashi, da jan baki, da mataccen miji mai kamfanin agogo.

Da ƙofa ta buɗe, wadda ta fito ba ta wuce sa'ata ba, gajeriya, rana ta ƙona mata fuska ban da zagayen tabarau. Baba yana bayanta, hannunsa a kafaɗarta. Na cire hular kwano da tabarau, na gyara tsayuwa a kan hanyarsu, na shirya fuskar da zan tarbe shi da ita. Ya zo daf da ni, har kafaɗarsa ta gogi tawa. Ya juyo ya dube ni sosai.

"Yi haƙuri, baiwar Allah," ya ce, ya wuce.

Na kasa ko motsi. Ina kallo ya miƙa hannu yana shafa katakon ɗaya bayan ɗaya har ya gane nasa. Matar, na ji yana kiranta Seraina, ta buɗe jaka ta fito da 'yar riga mai launin lemo ta zura masa a kan rigar sanyi. A bayanta an rubuta da manyan baƙaƙe cewa mai wannan riga ba ya gani sosai, a ba shi hanya. Yana ɗaure takalmi yana ce mata saura yau kawai ya tsallake.

"Ladina ba ta gane ba. In ta gane, ɗakin bayan gidanta za ta kai ni, ta ba da katakon nan sadaka. Ba mugunta ba ce, haka take son mutum."

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne bai yi ƙarya ba. A daidai lokacin da yake magana, na riga na fara tunanin inda zan mai da injin ɗinki in sa masa gado.

Suka kama gangara, na bi su daga nesa. Seraina tana gaba, tana waiwaye kusan kowane juyi, tana ɗaga murya: hagu, dama, miƙe, ga tudu. Shi kuma yana bin muryar, gwiwoyinsa a haɗe, yana kwanciya cikin kowace kwana yadda babu wanda ya iya a gidanmu. Na yi kuka har tabarau ya yi hazo, na kusa shiga cikin ragar gefen hanya. Da suka isa ƙasa ya taka birki ƙanƙara ta tashi, ya yi wata dariya da rabona da jin irinta tun Mama tana da rai.

Na matsa kusa na ce, "Baba, ni ce."

Dariyar ta ɗauke. Ya tambaye ni tun yaushe nake nan, na ce tun daga sama. Ya sunkuyar da kai, ya riƙe sandunan zamiyarsa gam, kamar yaron da aka kama yana jiran hukunci. Ban taɓa ganinsa haka ba, kuma ban so ba ko kaɗan. Sai na juya wajen Seraina na tambaye ta wata nawa ake yi kafin a iya shiga gaba irin nata. Ta ce ya danganta da haƙurin mutum.

"To ba za ta iya ba," in ji Baba. "Ta cika sauri, kuma ba ta waiwaye."

Na ce zan koya. Ya cire safar hannu ya miƙo hannu zai taɓa fuskata. Ya kuskure, hannun ya wuce ta gefen kunnena. Na kama shi na kai masa wurin.