Dutse a Filin Makaranta

A ƙauyen Tsamiyar Kara, gabas da Zakirai, babu abin da ya fi rumbu tsayi sai rimi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, gona na dafe da gona, ko wurin da jaki zai yi birgima babu. Yaran da Malam Iliyasu yake koyarwa a aji shida sun haddace cewa Chappal Waddi ne dutse mafi tsayi a Najeriya, amma ko tudun kirki ba su taɓa hawa ba. Suna rera sunan kamar waƙa, su ci jarrabawa, su manta.

Shi kuwa ya hau shi da ƙafarsa, lokacin da ya yi koyarwa a Gashaka. Kwana uku suna hawa, ta cikin kurmin da rana ba ta ratsawa, birai na yi musu tsawa daga sama. A can ƙoli, kan iyakar Kamaru, sanyi ya kama shi har haƙoransa na haɗuwa, ya ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ruwa. Ko'ina tsattsafowa yake daga gindin itatuwa, ya haɗu ya zama rafi, rafi ya zama kogi. Ga mutanensa nan a Tsamiyar Kara, shekara biyu damina na yi musu rowa, suna sare gawo da ɗorawa, in ka yi magana a ce haka Allah ya so.

Sai ya gina ɗan kwaikwayon dutsen a kusurwar filin makaranta, inda ake noma wa malamai gero duk damina. Wata uku yana ɗebo ƙasar suri a baro, har ginin ya kai masa kafaɗa. Ya fafe kwazazzabai da wuƙa. Gefe ɗaya ya lulluɓe shi da takin awakin gidansa, ya dasa ciyawa da 'ya'yan darbejiya, yana shayarwa da guga. Ɗaya gefen ya bar shi tsirara. Ruwan fari kawai yake jira, yara su tsaya su gani da idonsu: nan ruwa zai sauko a hankali, garau, can kuma zai kwashe ƙasa ya tafi da ita.

Ruwan ya sauka ranar Talata da la'asar, bayan an tashi. Iliyasu bai damu ba, hadari bai watse ba, gobe ma rana ce.

Da safe ya tarar da aji wayam. Kowane yaro yana gonar ubansa, don wanda ya bari laima ta wuce bai shuka ba, shi da yunwa. Daga bayan aji ya ji saran fartanya.

Hedimasta ne, Malam Nababa, ya naɗe wando har gwiwa, da sungumi a hannu. Badaru maigadi ya riga ya rushe rabin dutsen, yana watsa ƙasar a fili da kwando.

"Yallaɓai! Me kuke yi haka?"

"A'a, Sarkin Duwatsu, ka iso? Shuka muke. Ko ba ka ji ruwa jiya ba?"

"Wannan darasi ne! Wata uku na yi ina..."

"Na gani ai. Buhu nawa na taki ka juye a nan? Duk filin nan babu ƙasa mai maiƙo irin wannan, ka tara ta wuri ɗaya kana ciyar da ciyawa. Malam Iliya, ko kunyar Allah."

Badaru ya yi dariya ba tare da ya ɗago ba. "Wallahi Malam, hannunka da albarka. Dubi baƙinta."

"Kwana ɗaya nake roƙo," in ji Iliyasu. "A bar sauran, yara su ga ruwa ɗaya a kansa. Don irin wannan ne ƙasarmu take mutuwa, kowa cikinsa kawai ya sani."

"Kwana ɗaya laima ta bushe." Malam Nababa ya jingina da sungumi, fara'ar ta ɓace. "Bara dami nawa aka ba kowane malami daga gonar nan? Biyu. Ka karɓa ko ba ka karɓa ba? Matarka Rahmatu tana da goyo, jiya gidana ta aiko neman tsaba. Dutse za ka dafa mata?"

 Iliyasu bai san ta aika ba.

Fartanyar Badaru ta sauka a ƙolin, ya rufto gaba ɗaya. 'Ya'yan darbejiyar suka kwanta, saiwarsu a sama.

Malam Nababa ya miƙo ƙwaryar irin gero. "Riƙe. Ni in sara, kai ka zuba ka binne."

Iliyasu ya kalli ƙwaryar. Sannan ya tuɓe takalmi, ya karɓa, ya bi bayan hedimasta, yana zuba iri yana turbuɗewa da diddige.

"Rage hannu, Malam," in ji Malam Nababa, ko waiwayowa bai yi ba. "Ba mu da wani irin bayan wannan."