Ruwan da Ya Kwanta a Bayan Dutse

Tun ranar da na ga wani jan abu mai yauƙi ya shimfiɗa a kan yashi, can lungun hagu na tankin, jikina ya ba ni cewa ɓarna na tafe. Na kwashe shi da safe, kafin yamma ya dawo har da ƙari.

Tankin na 'yata ne. Ni tela ne, abin da na sani game da kifi bai wuce na cikin tukunya ba. Ita ce ta yi aiki a shagon masu sayar da kifin ado, ta riƙa tara kaya kaɗan-kaɗan har ta haɗa wannan tanki na gilashi a ɗakinta: ruwan gishiri, duwatsu, 'yan kifaye masu launi, da murjani mai rai, irin halittar teku da ke tsirowa a jikin dutse. A cikin murjanin akwai wata mai rassa kamar ƙahon barewa, wadda ta raina tun tana guntuwa kamar kan yatsa. Gimbiya take ce mata, saboda abu kaɗan ke ɓata mata rai.

Ranar da za a kwantar da ita asibiti don aikin ƙashin baya, ba ta yi kuka ba. Hannuna ta riƙe ta ce, "Baba, Gimbiya amana ce."

Na ce, "Uwata, za ki dawo ki same ta."

Mai ɗakina ta tare a asibiti wurin jinya. Ni kuma na kwaso keken ɗinkina daga shago na kafa shi kusa da tankin. Tun daga nan ban ƙara yin nisa da gida ba. Wuta na iya ɗaukewa, ruwa na iya yin zafi. In na je asibiti, ina gefen gadonta rabin hankalina na gida. In na dawo gida, rabin na can.

A cikin tankin akwai ƙananan injuna biyu masu farfela, manne da gilashi, suna hura ruwa ba hutawa. Ina ɗinki ina kallon kifayen nan, ruwa na tura su, su dawo, ya sake tura su. Tausayi ya kama ni. Rai ai rai ne. Na kashe inji ɗaya, ɗayan na juya shi ya kalli sama. Duwatsun ma na matsa da su baya na jingina su da gilashi, don kifayen su sami fili, hoton da nake tura mata kuma ya yi kyau. Ruwa ya kwanta luf, har na ji daɗi a raina.

Yayata, wadda ta zo riƙe mana gida, kullum sai ta leƙo ta yi tsaki. "Tela, an ɗaure ka ba igiya. Mutum da furfurarsa ya zama maigadin kifin da ba a ci."

Bayan jan abin nan, sai gindin Gimbiya ya fara fari, farin ƙashi. Na daina tura hoto daga wannan gefen. Yarinyar ba ta da wauta, sai ta kira ni ta bidiyo. Tana kwance rigingine, fuskarta ta rame.

"Baba, matso da wayar. Ƙasa kaɗan. Me ya sa ba na ganin ruwan yana motsi?"

"Na ɗan ba kifayen hutu ne."

Ta rufe ido. Na ɗauka ciwon ne ya motsa.

"Baba, su kifi wasa suke da ruwan. Murjani kuwa ba ta da ƙafa. Ruwa ke kawo mata abinci, ruwa ke kwashe mata datti. Duk inda ruwa ya kwanta, datti ya taru, wurin ya mutu. Kana da zare?"

Tambayar tela ko yana da zare. Ta sa na ɗaura farin zare a kan wata sandar roba, na kunna injin da na kashe, na riƙa zagayawa da shi cikin ruwa. A gaba zaren na kaɗawa kamar tuta. Da na kai shi bayan duwatsu, inda gindin Gimbiya yake, sai ya sauke kai ya tsaya cak.

"Ka gani? Duwatsun sun tare hanya. Sai ka janyo su daga jikin gilashi, ka bar tazarar tafin hannu. Fara da na sama, a hankali. Kada ka..."

Wata ma'aikaciyar jinya ta shigo, na ji tana cewa yau za a gwada zaunar da ita. Wayar ta katse.

Da na sani da na jira. Amma ina kallon farin nan kamar yana hawa a gabana. Na ajiye wayar a kan keke, na hau kujerar roba, na naɗe hannun riga, na zura hannuwa biyu har hammata. Na ɗaga dutsen sama, wanda Gimbiya ke manne a kai. Ashe shi ke danne da babban dutsen ƙasa. Babban ya karkato, ya nufi gilashin gaba. Na tare shi da hannun hagu.

Shi ke nan, na tsaya. Hannun dama na riƙe da Gimbiya, ba inda zan ajiye ta. Na hagu na tare da dutsen da in na saki zai fasa gilashi, ruwa da kifi da komai su malale a ƙasa. Bakin tankin ya nutse a hammatata. Kujerar na rawa a ƙarƙashina.

"Yaya! Yaya!"

Shiru. Tana can tsakar gida tana wanki, famfo na zuba, ga rediyonta.

Wayar ta fara ruri a kan keke. Daga inda nake ina ganin sunan mai ɗakina. Ta katse, ta sake kira. Zuciyata ta shiga kawo mini abubuwa: an ɗaga yarinyar ta faɗi, ɗinkin ya buɗe, ana nemana. Tsakanina da wayar bai wuce a miƙa hannu ba, amma ba ni da hannun miƙawa. Gumi na shiga idona. Wani ɗan kifi mai ruwan lemo ya zo yana tsinkar gashin hannuna. Yatsuna suka fara mutuwa. Na yi ta kiran Yaya har muryata ta dishe.

Can ta shigo tana share hannu da zane. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona.

"Ikon Allah. Yau kuma kifin ne suka kama tela?"

"Yaya, ɗauki wayar! Don Allah ɗauki wayar!"

Ta ɗauka, ashe kiran bidiyo ne. Mai ɗakina ce. "Ina ka shiga ne, Malam? Ta zauna! An ɗaga ta ta zauna, tana son ka gani."

Saura kaɗan in saki komai.

Yaya ta ce, "To ga ubanta nan ma a tsaye, ya kasa zama." Ta juya wayar ta haska ni.

'Yata na jingine da matasai, leɓenta a bushe. Ta dube ni, ta dubi duwatsun.

"Baba, kada ka motsa. Gwaggo, sai kin sa hannu."

"Ni? Cikin wannan ruwa mai ƙwari? Bari in ɗauko ludayi."

"Ban da ƙarfe, Gwaggo! Kuma ki ɗauraye hannunki sosai, sabulu zai kashe su."

"Oh ni! Ko gidan surukai ba a yi mini wannan sharaɗi ba."

Ta tafi ɗauraye hannu, kamar ta shekara. Ta dawo ta jingina wayar da kwalin zare, ta hau akwatin kaya, ta zura hannu tana salati tana runtse ido. Yarinyar na faɗa, muna bi. Yaya ta tare babban dutsen, na samu na zare hannun hagu, muka kwantar da shi a tsakiyar yashi. Ina sauke na sama a kansa, sai ya zame mini. Na ji ƙas. Wani reshen Gimbiya ya karye, ya gangara ƙasa.

Na kasa kallon wayar.

"Uwata..."

"Ɗauko shi, Baba. Ka soke shi a ramin dutse, inda zare ke kaɗawa. Wani lokaci yakan kama." Muryarta ta yi ƙasa. "Yanzu juya injunan su kalli juna, ɗaya ya ɗan sunkuya ta bayan duwatsu."

Na yi yadda ta ce. Nan take datti ya taso daga lungunan kamar hayaƙi, ruwan ya turbune har ba a ganin kifi. Ta ce in bar shi, na'urar tace ruwan tankin za ta kwashe. Aka zo kwantar da ita, don zaman ya ishe ta. Kafin a katse ta ce, "Gobe ka nuna mini ta ko'ina. Har gindin."

Yaya ta sauka tana shinshina hannunta, ta fita tana mita. Ni na kasa ɗaga hannuwana, sai na zauna a kan kujerar keke ina jiran ruwan ya washe. Da ya washe na sake zagayawa da zaren, lungu-lungu. Yana motsi ko'ina, har bayan duwatsu.

Na ɗauko allin ɗinki na yi ɗan layi a jikin gilashi, daidai inda farin ya tsaya a gindin Gimbiya. Likita bai faɗi ranar sallama ba. Ban sani ba ko reshen zai kama, ban kuma sani ba ko farin zai tsaya a kan layin ko zai wuce kafin ta dawo.