Tela Ya Ninka Gada Biyu

Babbar mota ta buge matar Tela a kan gadar da ta haɗa ƙasashe biyu, ta ja ta taku tara kafin ta tsaya. Taku taran nan su suka cinye shari'ar.

Kotun tsallake ta ce a wannan ɓangaren aka buge ta, don haka ba ta da hurumi. Kotun wannan ɓangaren ta ce rai ya fita ne taku huɗu bayan farin layin da aka shafa a gadar, ita ma ba ta da hurumi. Matar ta shekara hamsin tana da ƙasa, ta mutu ba ta da ko ɗaya. Direba yana tsare, amma ranar Alhamis za a sake shi idan babu kotun da ta karɓi ƙarar.

Ranar Talata Tela ya tsaya gaban magatakardan kotun wannan ɓangaren, wani mai tabarau da ya ƙware wajen ba da haƙuri.

"Karanta min inda doka ta ce farin layi ne iyaka."

"Baba, yarjejeniyar ƙasashen biyu cewa ta yi tsakiyar gada."

"Wa ya ce layin ne tsakiya?"

"Ai kowa ya sani."

"Kowan nan, shi ya auna?"

Magatakarda ya koma kan takardunsa.

Shekara arba'in Tela bai taɓa sa almakashi a kan allin wani ba. In yana neman tsakiyar yadi, ninkawa yake yi. Washegari da hantsi ya ɗauki zare mafi ƙarfi a shagonsa, ya ce wa 'yarsa Auta ta biyo shi.

"Baba, za a ce ka zautu."

"A ce. Mahaukaci dai yana da kotun da za ta saurare shi."

Ya ɗaure zaren a ƙarfen farkon gada ta wannan ɓangaren, ya yi ta warwara har ƙarshenta, ya yanke. Masu gadin iyaka na ɓangarorin biyu suka fito kallo.

"Tsoho, wando za ka ɗinka wa gadar?"

"Likkafani," in ji shi.

Ba wanda ya sake dariya. Ya rataya wa Auta zaren a yatsa, ya dawo da bakinsa inda ya fara, ya haɗa baki biyu. "Ja da baya har ya miƙe!" Ta yi ta ja. Ta wuce inda aka bugi uwarta, ta taka farin layi, ta wuce inda aka rufe ta da zane, ba ta dubi ƙasa ba. Sai da ta yi taku goma sha huɗu bayan layin zaren ya tsayar da ita. Nan ne tsakiyar gada, ashe duk taku taran a wannan ɓangaren suke.

Wani tsohon mai gadi ya sosa ƙeya. Ya ce shi yana nan ranar da aka shafa layin. Mai fentin a bakin inuwar rumfarsu ya tsaya, don rana ta yi zafi.

Ranar Alhamis Tela ya ajiye ƙullin zaren a teburin alƙali, mai gadin yana tsaye a bayansa. Lauyan direba ya miƙe yana gyara riga.

"Ranka ya daɗe, zare ba hujja ba ne."

"Fenti fa?" in ji Tela.

"Malam, ba a ba ka izinin magana ba," in ji alƙali.

"Ranka ya daɗe, wata biyu ina neman wanda yake da ikon hana ni magana. Tunda kai ne, ka rubuta."

Alƙali ya dube shi, ya dubi zaren. Sannan ya ba da umarni a kawo mai awon gwamnati, direba kuma ya ci gaba da zama a tsare har a auna.

A bakin ƙofa magatakarda ya ce sai an bar zaren a ma'ajiyar kotu. Tela ya miƙa masa.

"Ka kula da shi. In mai awonku ma ya ji rana, ina da wani."