Ba Mu Da Shi a Dangi

Kafin likitan ya rufe baki, Inna ta riga ta san ƙarya za ta yi.

"A danginku akwai wanda ya taɓa irin wannan? Murɗar ciki, farfaɗiya, fitsari ja?"

Babbar 'yarta, wadda duk layin ke kira Tela saboda sana'arta ta ɗinki, tana kan gado tana fizge-fizge, tana zagin mutanen da ita kaɗai ke gani. Haka uban yaran ya yi har ya cika. Haka ƙanwarsa. Amma an sa ranar auren Auta, ga kuma uwar ango tsaye a bakin ƙofa, wai dubiya ta zo, kunne kuwa a baje.

"Mu? Allah ya kiyaye! Ba mu da shi, likita."

Ya rubuta maganin farfaɗiyar da ake ba kowa.

*

Fizge-fizgen ya lafa, Inna har da hamdala. Bayan kwana biyar, Tela ta kasa riƙe cokali. Ƙafafu suka bi baya.

Wata babbar likita ce ta ɗaga kwalbar fitsarin, ta ga ya rine, ta ja Inna gefe.

"Mama, wannan ciwon gado ne. Jikinta ba ya ƙarasa haɗa abin da ke ba jini launinsa, sai guba ta taru ta ci jijiyoyi. Maganin nan ƙara tunzura shi yake yi. Da kin faɗa mana..."

"Hannun zai dawo?"

"Wataƙila, a hankali. Ki kawo sauran 'ya'yan a gwada su."

Inna ta ce to. Kunya ta ishe ta, amma tsoron bakin mutane ya fi kunyar ƙarfi.

*

A gida, an lulluɓe keken ɗinkin da tsohon zane. Tela na zaune kusa da shi, hannuwa zube a cinya kamar na aro.

"Inna, ki kai Auta a gwada ta."

"Bayan biki. Saura mako biyu, ke ma kin sani."

Sai ga Auta ta shigo a duƙe, goshi duk gumi, ta dafe ciki da hannu biyu.

"Wayyo Inna, cikina!"

A waje maƙwabta na hira a gindin katanga. Tela ta zuba wa uwarta ido. Inna ta miƙe da sauri, ta rufe taga, ta ƙara ƙarar rediyo.